Ɗumamen Niyu Olins

A layinmu, in kana so kowa ya ajiye abin da yake yi ya juyo da kujera, to ka fito baranda da yamma, lokacin da zafi ya fara sauka, ka tambayi inda ake samun fudin ɗin burodi mai kyau. Kafin ka rufe baki dattijuwar gidan da ke damanmu ta ambaci wuri. Mai gyaran famfo na tsallaken titi ya girgiza kai, ya ce ai tun da tsohuwar mai dafa musu ta bar aiki hannun ya canza. Wata mai wucewa, wadda ba wanda ya sa da ita, ta ja ta tsaya ta ce duk a bar wannan magana, a je wani shagon kan kwana da ke unguwar Tireme a gani. Haka muke a Niyu Olins. Muna cikin cin na rana ake shawarar na dare. Na ce "mu" don na daɗe a garin nan, na ci na ƙoshi, har ni ma ana tambayata, kuma ina da tawa amsar.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ba shi da wuyar fahimta. Burodin jiya ne da ya bushe, a yayyaga shi, a jiƙa cikin madara da ƙwai da sukari da ɗan bota, a barbaɗa kirfa, a ɗiga fanila, mai so ya watsa zabibi ko gyaɗar pikan. A bar shi ya sha ya ƙoshi, sannan a gasa a obin har sama ya yi ja, ciki kuma ya tsaya da laushinsa. In za a kawo maka sai a kwarara miyar zaƙi mai ɗumi a kai. Ranar da na fara gani ana haɗa shi a kicin ɗin maƙwabciyata, abin da ya faɗo mini a rai shi ne ɗumame. Tuwon dare da ya kwana, aka tashi da safe aka mayar da shi wuta, ya fito ya fi na jiya gardi. Dabarar ɗaya ce, ta uwar gida mai tsoron zubar da abinci. Mutanen nan suna da ita a jini. Soyayyen burodin da suke ci da safe ma sunansa na Faransanci yana nufin ɓataccen burodi, wato wanda aka ceto daga shara.

Maganar fudin a garin nan kuwa maganar burodi ce. Muna da wani dogon burodi da ake ce wa na Faransa, duk da yake zuriyar Jamusawa da Italiyawa ne suka fi riƙe da sana'ar gasa shi. Gidan burodin Leidenheimer, wanda wani Bajamushe ya kafa a 1896, har gobe motocinsa na zagaya gari da asuba. Ɓawon burodin siriri ne, kana taɓawa yana rududdugewa a cinyarka, cikin kuma kamar auduga. Da shi ake yin sanwicin nan da muke kira po-boy, wanda ya samo sunansa a yajin aikin ma'aikatan taragon cikin gari na 1929, lokacin da wa da ƙane, Bennie da Clovis Martin, waɗanda su ma sun taɓa aikin taragon, suka riƙa ciyar da masu yajin kyauta. To shi wannan burodi ba ya kwana. Na safe in ya kai gobe ya zama soso busasshe. Duk shagon da ke sayar da po-boy yana tashi da tarin kawuna da gutsattsarin da aka yanke, ga kuma wanda bai ƙare ba. Nan fudin yake samun uwa da uba. Busasshen cikin nan mai ramuka shi ke zuƙe madara da ƙwai ya riƙe su ba tare da ya narke ba. Ka gwada da burodin leda mai yanka-yanka, sai ya caɓe maka kamar kunun da ya kwana. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanenmu, kuma a nan da tsohon burodi ake maƙulashe.

Shi ya sa in baƙo ya tambaye ni, abin da nake fara ce masa shi ne ya duba ko wurin suna sayar da po-boy ko suna ajiye wannan burodi a tebur. In suna yi, akwai alamar alheri.

Manyan gidajen abinci suna da nasu, kuma ba na raina su. Commander's Palace, ginin nan mai shuɗi da fari a unguwar Garden District, daura da tsohuwar maƙabartar Lafayette, inda Paul Prudhomme da Emeril Lagasse suka yi shugabancin kicin, ya mayar da abincin talaka ɗan sarauta. Suna haɗa fudin ɗin da farin ƙwai da aka buga ya yi kumfa, su gasa a ƙaramin kwano har ya kumbura ya haura baki. Tun kana kan abincin farko mai hidima zai tambaye ka ko za ka so, don sai an nema ake gasawa. In ya iso, sai ya huda saman da cokali a gabanka ya tsiyaya miya a ramin. Abin kallo ne, kuma a baki kamar iska. Palace Café ta kan titin Canal, wadda aka buɗe a 1991, ita ta yi suna da mai farar cakulan. Boucherie kuma suka ce su da donot ɗin Krispy Kreme za su yi nasu, matasa suka yi ta tururuwa. Daga 6 ga Janairu zuwa ranar bikin Mardi Gras, lokacin da ake cin wani kek mai launi uku, sai ka ga ragowarsa ma an mayar da ita fudin. Duk an gwada, duk an yi santi. Ni dai mai donot ɗin cokali uku nake yi ya ginshe ni, don an ɗora zaƙi a kan abin da dama can zaƙi ne.

Tsofaffin layinmu kuwa har yanzu in an yi maganar, Bon Ton Café ta titin Magazine suke tunawa, su yi ta kwatanta miyarta mai wuski. A nan ne nawa zancen ya rabu da nasu. Miyar fudin a garin nan, in ba ka tambaya ba, ka ɗauka da giya a ciki: wuski, ko ram, ko burandi. Za a ce maka wuta ta ƙone ta. Ba haka ba ne a yawancin lokaci, don masu dafawa da dama sai sun sauke tukunya suke tsiyaya giyar, saboda ƙamshinta suke so ya tsaya. Wasu ma zabibin suke jiƙawa a ciki tun daga farko. A shekarata ta farko, a wani wuri da ba sai na ambata ba, na yi tambaya aka ce mini ba komai, sai da faranti ya sauka wari ya bugi hancina na tura shi gefe. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, ba don kuɗin ba, don na yarda da maganar mutum. Tun daga nan mu Musulmin da ke cin abinci a waje muka koya wa juna tambayoyi biyu: me ke cikin miyar, kuma an jiƙa wani abu a giya kafin a gasa? In mai hidima ya yi jim, a roƙe shi ya leƙa kicin. Mafi yawansu suna zuwa da fara'a su dawo da gaskiya, don garin nan mutum yana alfahari da sanin abin da ke tukunyarsa.

Wannan larura ta ba ni abin da maƙwabtana ba su da shi. Na shekara da shekaru ina cin fudin tsurarsa, ba miya, kuma wanda ya ci shi haka ba a ɓoye masa komai. Miya mai bota da sukari tana rufa wa kowane irin fudin asiri. Wanda ya bushe ta jiƙa shi, wanda aka yi wa rowar ƙwai ta cike masa, wanda ya kwana uku a firji aka ɗumama a na'ura ta ba shi ɗumi na aro. Ka cire ta, sai ka ga wanda aka bar burodinsa ya sha madara har tsakiya da wanda aka yi wa gaggawa, ya fito da fararen dunƙule busassu a ciki. Mai kyau yana tsayawa in an yanka, amma cokali na shiga ba gardama. Kana jin kirfa ba ta fi ƙarfin madara ba. Kuma har yanzu kana gane burodi ne, kana ganin sawun ɓawon a jikinsa. Da wannan ma'auni na zagaya gari, kuma sau da yawa waɗanda suka ci jarrabawar ba masu farin kyallen tebur ba ne. Ƙananan wuraren unguwa ne, inda ake yanko maka daga babban tire a bayan kanta, da shagunan kan kwana da ke ajiye shi a roba kusa da akwatin kuɗi, da farantan soyayyen kifi da majami'un Katolika ke sayarwa ranakun Juma'a a lokacin azuminsu, inda matan unguwa ke kawo abin da suka gasa a gida.

In ka samu irin wannan wuri, ka nemi kusurwa. Duk ɗan gari ya san wannan. Gefen tire inda sukari ya kama ya yi duhu, shi ne ƙanzon fudin, kuma yadda yara ke rububin ƙanzo a gindin tukunya haka manya ke yi a nan, sai dai cikin ladabi. In mai sayarwa ta saba da fuskarka, takan ƙara maka ɗan gutsure a gefe. Suna da kalma ta musamman ga wannan, lanyap, wadda ba ta da wata fassara a wurina sai gyara.

Akwai gardandamin da ba ya ƙarewa. Zabibi ko babu zabibi, wannan kan raba miji da mata. Wasu gidajen suna juye gwangwanin 'ya'yan itatuwa a ciki, wasu kwakwa da abarba, wasu kuma suna ganin duk wannan ɓata tsari ne. Mai gyaran famfon nan da sanyinsa yake ci, daga firji, da kofi da safe, dattijuwar kuma tana ganin hakan rashin tarbiyya ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In ka bi diddigi, kowa na neman wanda ya yi kama da na hannun da ya raine shi.

Hannayen nan kuwa, in za a faɗi gaskiya, yawancinsu baƙaƙe ne. Sukarin da ya sa garin nan ya zama na masu son zaƙi daga gonakin rake ya fito, tun da Etienne de Boré ya yi nasarar mayar da ruwan rake ƙwayar sukari a 1795 a gonarsa, inda lambun Audubon yake a yau, kuma bayi ne suka sare raken suka dafa shi. Da yawa daga bayin farko na Luwiziyana daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su. Matansu da jikokinsu su suka riƙe kicin-kicin na gari, su suka riƙa tallar kala a kan titi, wani soyayyen abu na ragowar shinkafa da in ka gani sai ka tuna waina. Shi ya sa in na shiga gidan abincin Dooky Chase's a Tireme nakan ci da natsuwa. A benen gidan nan masu fafutukar 'yancin baƙar fata suka riƙa taro a lokacin da doka ta hana baƙi da fari zama tebur ɗaya, mai girkin gidan, Leah Chase, tana ciyar da su. Ta rasu a 2019 tana da shekara 96, kuma kusan har ƙarshen rayuwarta tana shiga kicin. Ita ce ta yi wa Barack Obama faɗa don ya zuba yaji a miyar gumbo ɗinta kafin ya ɗanɗana.

Ambaliyar Katrina ta 2005 ta watsa mutanen layinmu zuwa Hustan da Atlanta da wasu garuruwa. Dattijuwar nan, wadda nake kira Mama, ta ba ni labarin yadda ta yi ta gwada fudin a can da burodinsu yana ƙin yi, har ta haƙura. Ruwa ya cinye ƙaramin akwatin da take ajiye takardun girkin mahaifiyarta. Ba ita kaɗai ba ce. Jaridar Times-Picayune sai da ta buɗe fili inda masu karatu ke neman girke-girken da suka ɓata, wasu na aiko musu da abin da ya tsira a wurinsu, har aka tara aka yi littafi a 2008. Mama ba ta aika ba. Ta ce da ta dawo gida ta riƙe burodin garin a hannu, sai awon ya dawo mata da kansa.

Ita ta koya mini nawa. A azumin bana na sayi dogon burodi biyu ranar Talata na bar su a kan firji cikin takardarsu har Alhamis. Na jiƙa tun la'asar, na yi miyar da bota da sukari mai ruwan ƙasa da madara kawai, na yayyanka dabino a madadin zabibi. Da aka sha ruwa na yanko kusurwa na rufe a kwano na ba ɗana ya miƙa mata. Washegari kwanon ya dawo da pikan a ciki, da saƙo cewa in rage sukari kaɗan, kuma dabinon nan a ina ake sayensa.