Gangaren Alhaji

Wani Alhaji a unguwarmu ta Nima, wanda ba zan kama sunansa ba saboda yana bi na kuɗin shinkafa, ya samu labarin cewa akwai dokar da ta ce duk ginin da jama'a ke shiga sai an yi wa masu keken guragu hanya. Dokar naƙasassu ce ta Gana mai lamba 715, ta shekarar 2006, wadda ta ba masu gine-gine shekara goma su gyara. Wa'adin ya cika tun 2016. Alhaji dai sai bara ya ji, don doka a nan Zango kamar motar trotro take, ba ta tashi sai ta cika.

Nan da nan ya kira magini, aka kwaɓa siminti buhu biyu. Gangaren da aka zuba a ƙofar ofishinsa, ko akuya sai ta yi bisimilla kafin ta hau. Mai hawa da keke sai ƙarti biyu sun tura shi. Mai saukowa kuwa ba ya buƙatar kowa, kafin ya ce innalillahi ya isa kwata, domin tsakanin gangaren da titi akwai buɗaɗɗiyar kwata da aka ɗora wa katako guda. Ba a yi mako ba mai koko ta kafa teburinta a gindinsa, wani ya kafe babur a samansa, yara suka mayar da tsakiyar wurin sulu. Kowa ya amfana, ban da wanda aka yi dominsa.

Duk da haka wata Litinin wani saurayi ya ratso. Shan inna ta taɓa masa ƙafafu tun yana yaro, amma ya yi karatun akanta, takardunsa na cikin jaka a kan cinya. Bai rufe baki daga sallama ba Alhaji ya zaro sidi biyar.

"Ungo ɗana, ka sa mu a addu'a."

"Alhaji, aiki na zo nema."

"Aiki? Haba yaro! Allah Ya hutar da kai, kai kuma kana neman wahala da kanka?"

Kada a ce Alhaji mugu ne, wallahi hannunsa a sake yake, kuma halinsa halinmu ne duka. Mun fi son gurgu a ƙofar masallaci ranar Juma'a da a ce yana bayan tebur ranar Litinin. Sadaka tana da lada, kuma wanda aka ba godiya zai yi ya wuce. Albashi kuwa duk ƙarshen wata yake dawowa, mai shi ma har ƙari yake nema. Na gaya wa Alhaji cewa dokar nan ta yi alkawarin rangwamen haraji ga wanda ya ɗauki naƙasasshe aiki, sai idonsa ya yi haske. Da na ƙara da cewa sai mai biyan haraji ake yi wa rangwame, sai ya tuna bai yi la'asar ba.

Abin ma bai tsaya a Zango ba. A 2013 da Shugaba Mahama ya zaɓi Dakta Henry Seidu Daanaa, lauya kuma makaho, ya zama ministan harkokin sarauta, wasu sarakuna cewa suka yi al'ada ba ta yarda ba. Mutumin ya hau kujerarsa ya yi aikinsa, ba mu kuma ji rawanin da ya faɗi ba.

Inda muka yi ƙoƙari shi ne wajen suna. Yanzu ba a cewa gurgu ko kurma, sai "masu buƙata ta musamman". Buƙatar kuwa, in ka bincika, ƙofa ce mai faɗi, da bayan gida a ƙasa, da teburin da keke zai shige ƙarƙashinsa, da kwamfutar da ke karanta wa makaho rubutu. Ƙidayar 2021 ta ce wajen kashi 8 cikin ɗari na 'yan Gana daga shekara biyar zuwa sama suna da wata naƙasa, mutum fiye da miliyan biyu ke nan. Sidi biyar-biyar ɗinmu ba za ta zagaya ba.

Daga baya kunya ta kama Alhaji, ya aika aka kira saurayin, ya ɗauke shi aiki, har da hoto a Facebook. Ofishin akanta kuma yana bene na biyu.

Alhaji, idan kana karanta wannan, a sauko da teburin ƙasa, a rufe kwatar nan. Kuɗin shinkafa kuma sai Juma'a, in Allah Ya yarda.