Ire-iren Maziyartan Hasumiyar Kutub Minar

Hasumiyar Kutub Minar tana unguwar Mehrauli, kudancin birnin Delhi. Sarki Kutubuddin Aibak ya fara gina ta wajen 1199, Iltutmish ya ɗora daga inda ya tsaya, tsayinta kuma ya ɗan haura mita 72. Masu ziyartarta sun kasu kashi-kashi.

Kashi mafi yawa shi ne na masu hoto. Cikakken ɗan wannan kashi ba ya kallon hasumiyar da idonsa, sai ta waya. Yakan shanya matarsa a rana, ya ce ta ɗaga hannu kamar ta dafa ƙololuwar: "Ƙara sama. A'a, kin zarce. Dawo hagu." Shi kuwa ya durƙusa, ya kishingiɗa, ƙarshe ya kwanta rigingine a kan hanyar jama'a, domin mita 72 ba sa shiga waya ta daɗin rai. Baƙon da tsautsayi ya ratso da shi, sai ya ji waya a hannunsa ba ko sallama. Ya ɗauka sau bakwai, a duba, a ce ya yanke kan hasumiyar. Ayoyin da aka sassaƙa a jikin jan dutsen kuwa, sai an koma gida ake lura da su.

Sai masu neman hawa. An rufe matakan hasumiyar 379 tun 1981, bayan turmutsitsin da ya ci rayuka, amma ba a rasa mai jan mai gadi gefe yana raɗa.

Akwai masoyan ginshiƙin ƙarfen nan na farfajiyar masallacin Kuwwatul Islam da ke kusa da hasumiyar, wanda ya shekara kusan 1600 tsatsa ba ta ci shi ba. A da sukan jingina su rungume shi ta baya don neman sa'a. Tun da aka kewaye shi da shinge, sai kallo da haɗiyar yawu.

Bakatsinen da rakiyar majinyaci ta kawo Delhi yakan ɗaga kai har hula ta faɗi, ya ɗauka ya kakkaɓe, ya ce ai hasumiyar Gobarau ma ba baya ba ce. An taɓa jin haka daga bakin mai wannan rubutu.

Kashin da ba shi da uzuri shi ne na masu makulli. Gini ya shekara ɗari takwas yana shan ruwa da rana, wani ya faki idon masu gadi ya sa makulli ya kankara sunansa da na budurwarsa a bangon wani kabari da ke harabar, har da zanen zuciya. Wannan ba yarinta ba ce, rashin mutunci ne, kuma galibinsu da gemunsu.