Filayata Mai Wushirya

Ba sana'a ce ta kai ni sayen filayar yankan waya ba, rowa ce. Ni malamin makaranta ne, sanina da lantarki bai wuce kunna fitila da kashewa ba. Ran nan soket ɗin ɗakin uwargida ya ƙone, na kira mai gyaran wutar unguwarmu, wani dattijo da kowa ke ce wa Injiniya. Ya datse waya nan, ya murɗa can, shayin da aka kawo masa ko hucewa bai yi ba ya gama, ya faɗi kuɗinsa. Na biya ina yaƙe, a raina ina cewa: ashe duk sirrin yana bakin wannan 'yar filayar? To, daga yau an daina cin kuɗina.

Washegari na tare wani mai baro a bakin Kasuwar Sabon Gari. Ya miƙo min wata mai jan hannu, sai sheƙi take yi.

"Ta Jamus ce, Malam, duba rubutun."

Na duba. Sunan ƙasar ma harafi ɗaya ya yi tafiya, amma farashin ya rufe min ido. Na ce, "Akwai garanti?"

Ya ɗaga yatsa sama. "Garanti sai Allah, Malam."

Ban iya musu ba, na biya.

A gida na gane ba yanka ta iya ba, tauna ta iya, kamar tsohuwa ta samu ganda. In na matsa, sai waya ta lanƙwashe ta kwanta tsakanin haƙoranta, in na ja sai zaren jan ƙarfen ya fito buzu-buzu kamar gemun bunsuru. A kwana na uku ƙusar tsakiyarta ta saki, bakin nan biyu suka koma wuce juna ba gaisuwa, sai ka ce kishiyoyi. Araha dai ba ta ado.

Na haɗiye girman kai na kai wa Injiniya. Ya rufe bakinta, ya ɗaga ta saitin rana, ya ce in leƙa. Haske na ratsowa ta tsakani kamar ƙofar langa-langa. Sai ya kwance wani tsumma ya fito da tasa, hannunta duk ya koɗe. Ya ce Knipex ce, wajen maigidansa ya gada, kuma masu ƙera ta suna garin Wuppertal na Jamus, suna wannan aiki tun 1882. Ya ɗaga ta ita ma: ko ɗigon haske babu. Ya zaro zare daga bakin rigata, ya datse shi ɗas.

"Ɗana, wannan ba almakashi ba ne," in ji shi. "Almakashi bakinsa goga juna yake yi. Ita kuwa kaifin biyu karo suke yi gaba da gaba, su nutse cikin waya su tsaga ta, kamar gatari a itace. In ba su haɗu daidai ba, ko ƙarfen ya yi laushi, waya ce za ta ci filaya."

Ya ƙara min da nasiha uku: waya mai kauri a kai ta can cikin maƙogwaro kusa da ƙusar tsakiya, inda ƙarfi yake, kada a riƙa murɗawa ana yanka, don kaifin an ƙona shi ya yi tauri, abu mai tauri kuwa ɓantarewa yake yi, sannan a riƙa goge ta ana ɗiga mata man keke. Ina ta gyaɗa kai, amma abin da kunnena ya kwasa ɗaya ne: sayi mai tsada.

Na shiga wani babban shagon kayan aiki, na zube kuɗin cefanen mako guda. Alhaji mai shagon ya ba ni filaya a kwalinta, da rasit, da wani kati mai manyan haruffa: garanti. Manyan haruffan na karanta, ƙananan na bar wa masu tabarau. A fahimtata, garanti wani irin maganin ƙarfe ne, filayata ta zama 'yar tauri.

Sati na farko ta yi ta datse waya kamar ana yanka alayyahu. Sai na fara ƙara mata matsayi. Wata ƙusar kankare ta tsone min ido a bangon zaure, na kama ta da tsinin baki, na matsa da hannu biyu ina murɗawa. Ji kake ƙas! Kan ƙusar ya tashi ya daki agogon bango, filaya kuma ta yi ɗan giɓi. Na ce ba komai, akwai garanti. Da guduma ta ɓace, ita ta riƙe muƙamin. Uwargida ta gano tana karya ƙashin kaza, ta riƙa dawo min da ita da maiƙo da gishiri. A watan Agusta na hau gyaran eriya na manta ta a kan kwano, ta sha ruwan kwana uku. Da na sauko da ita ta yi ja da tsatsa, buɗe bakinta sai da hannu biyu, kamar ana ba yaro maɗaci.

Sai ranar da ba na mantawa. Ina so in ja wayar fanka zuwa tsakar gida. Tun asuba babu wuta. Na kife turmi na hau.

"Malam, ka cire fiyus kuwa?" in ji uwargida daga madafa.

"Wutar da ba a gani ba tun asuba? Ke dai ji da tuwonki."

Na kama igiyar gaba ɗaya, mai wuta da marar wuta a haɗe, na sa a baki na matsa. Daidai lokacin na jiyo yaran layi sun kaure da ihu: "An kawo wuta!" Ni ban buƙaci sanarwa ba, don ni aka fara kawo wa. Wani shuɗin haske ya wulga, ƙara ta tashi kamar bindigar toka, volt 230 suka tsallaka daga wannan waya zuwa waccan ta bakin filayata. Na tsinci kaina a ƙasa ina salati, turmi na birgima, hulata a kan akurki, kaji na neman hanyar gudun hijira. Uwargida ta rugo, ta tabbatar ina numfashi, ta ƙirga yatsuna goma, sannan ta koma madafa. Ina jin dariyarta ta cikin zane.

A tsakiyar kaifin filaya kuwa ga wani rami zagayayye, gefensa a narke. Wushirya sosai.

Na sa babbar riga, na ɗauki rasit da kati na nufi shago. "Alhaji, kayanku ya lalace, na zo a canza."

Ya sa tabarau, ya juya ta a hankali kamar mai bugun ƙasa. Ya nuna giɓin tsini: "Wannan ƙusar kankare ce." Ya shafa kumatunta: "Nan an yi aikin guduma." Ya gwada buɗewa: "Ta yi damina a waje." Ya sansana: "Wannan kuma miya ce?" Da ya zo kan ramin sai ya cire tabarau ya dube ni. "Malam, ka yi sadaka kuwa?"

Ya juya katin, ya karanta min ƙananan haruffan. Garanti na laifin maƙera ne: ƙarfen da ya zo da tsaga, bakin da bai haɗu ba tun yana sabo, ƙusar da ta karye a aikin da aka yi ta dominsa. Laifin mai kaya, mai kaya ke biya. Ya ce robar hannun tawa don riƙo ce kawai. Wadda aka yi don aiki kusa da wuta tana da tambarin 1000 V da alamar kusurwa uku guda biyu, kuma sai an gwada ta da volt 10,000 kafin ta fito. Ita ma hannunka za ta kare, ba za ta hana rami ba in ka haɗa waya biyu.

"Rasit ɗinka gaskiya ne," in ji shi, yana miƙo min kayana, "amma bakin filaya ya riga ka ba da shaida."

Injiniya ne ya jiƙa ta da kananzir, ya goge, ya ɗiga man keke har ta koma buɗewa da yatsa ɗaya. Na ce a wasa bakin da magagari. Ya ce in aka ci ƙarfen har ramin ya ɓace, kaifin ba zai sake haɗuwa ba. Sai ya ɗauko guntuwar wayar soket, mai lamba 2.5, ya sa a ramin, ya ja. Robar ta zame sumul, jan ƙarfen ko ƙwarzane babu. Idonsa ya yi haske.

Yanzu duk aikin wutar gidana shi ke yi. In ya zo, ya fara cire fiyus yana kallona, ya yanka waya da tasa, ya ce, "Ɗana, ara min mai wushiryar nan in feƙe." Ni da na narka rabin raina na ƙera masa kayan aiki, ko sisi bai taɓa rage min ba.