Yadda Ake Kallon Fim ɗin Raguna Ba Tare da An Ji Kunya Ba

A shekarar 2015 wani darakta ɗan ƙasar Aislan, Grímur Hákonarson, ya fitar da fim mai suna Hrútar, wato Raguna. Fim ɗin ya ci kyautar sashen Un Certain Regard a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa, sannan ya bar masu kallo da wata matsala da har yau ba a shawo kanta ba: babu wanda ya san inda ake dariya. Don taimakon jama'a aka shirya wannan bayani.

A fim ɗin, Kiddi da Gummi wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya, dattawa masu gemu buzu-buzu, babu mai iyali a cikinsu. Gidajensu na kallon juna a wani kwari mai tsananin sanyi, kowa da garkensa na tumakin da suka gada kaka da kakanni. Shekara 40 ba su ce wa juna uffan ba. In magana ta zama dole, sai a rubuta a takarda a ba kare ya kai. Duk dangin, karen ne kaɗai ya riƙe zumunci, kuma bai taɓa neman ladan aike ba.

Ana nan aka yi gasar raguna, na Kiddi ya kayar da na Gummi da rabin maki. Gummi, saboda tsabar damuwa da lafiyar dabbobi, ya lallaɓa ya lalube ragon da ya ci gasar, sai ya ga alamun wata cuta mai cin ƙwaƙwalwar tumaki wadda ba ta jin magani. Likitocin dabbobi suka tabbatar, hukuma ta ce a kashe tumakin kwarin kaf. Kiddi ya nuna godiyarsa ta hanyar ɗirka wa tagar ɗan'uwansa bindiga.

Masu kallon wannan labari kashi biyar ne.

Na farko su ne masu jiran a fara. Duk wanda ya tashi da fim ɗin Indiya ko na Kano ya san ƙa'ida: a haɗu, a so juna, iyaye su hana, a yi waƙa. A nan babu soyayya sai ta tumaki. Waɗannan bayin Allah sukan zauna awa ɗaya da rabi suna zaton gabatarwa ake yi, har sunaye su fara hawa allo. Tambayarsu ɗaya ce: "Shi ke nan?" Amsar ita ce, shi ke nan.

Na biyu su ne masu dariyar sata, kuma wuri guda ne yake tona musu asiri. Kiddi ya bugu ya faɗi a cikin dusar ƙanƙara, sanyi na neman kashe shi. Gummi ya zo ya dube shi, fuska ba yabo ba fallasa. Ya tayar da tarakta, ya kwashe shi a cikin cokalin gabanta, ya tuƙa har cikin gari, ya sauke shi a ƙofar asibiti kamar mai tifa ya kawo yashi, ya juya abinsa. Bai yi sallama ba, bai jira likita ba. A nan dariya kan kuɓuce wa mutum ta hanci, sai ya waiga dama da hagu, ya ga kowa ya ɗaure fuska, ya mayar da ita tari. Ana sanar da irin waɗannan cewa dariyarsu na kan hanya. Na kusa da su ma tarin ƙarya suke yi.

Na uku su ne malaman fassara. Su ba sa dariya, sai dai su gyaɗa kai su ce "hmm". In an tashi za su bayyana maka cewa ragunan nan 'yan'uwan ne, 'yan'uwan kuma ƙasar ce baki ɗaya, ƙanƙarar kuwa zuciyar ɗan Adam ce. Kada ka yi musu da su. Bayaninsu ya fi fim ɗin tsawo, musu kuma ƙara shi yake yi.

Na huɗu su ne masu kiwo, waɗanda rigimar dattawan ba ta dame su ba. Idonsu na kan murɗewar ƙaho da faɗin baya, suna lissafin abin da irin wannan rago zai yi ana jibi Babbar Sallah. Su ne ke share hawaye lokacin da Gummi ya kashe garkensa da hannunsa tun kafin ma'aikata su iso. Da aka ga ya ɓoye rago ɗaya da 'yan tumaki a ɗakin ƙarƙashin gidansa, a wurinsu aka ji "madalla". Doka dai ta haramta, amma ba a taɓa samun mai kiwon da ya goyi bayan doka a wannan wuri ba.

Na biyar sun fi kowa wahalar ganewa. Sun yi dariyar kare, sun yi ta tarakta, sai daga baya suka yi tsit. A ƙarshen fim, 'yan'uwan sun kora sauran tumakin zuwa kan tsaunuka don tsere wa hukuma, guguwar ƙanƙara ta rutsa da su. Kiddi ya haƙa rami a cikin dusar, ya tuɓe musu tufafi, ya rungume Gummi don ya ɗumama shi. Mutanen kashi na biyar ne ke fara miƙewa suna cewa fim ɗin ba shi da ma'ana. In ka bincika, za ka tarar akwai wata gona ko wani gidan gado da ya hana su gaisawa da wani tun rasuwar baba.

Wanda duk wannan ya yi masa nauyi, akwai sauƙi. A 2020 an sake yin fim ɗin a Ostireliya da jarumi Sam Neill, aka ƙara rana, aka ƙara surutu.

Shawarar ƙarshe ga mai karatu: in kana gaba da ɗan'uwanka, kada ka yi koyi da mutanen Aislan, domin su suna da ƙanƙarar da za ta sasanta su, kai kuwa sai dai hunturu ya busar maka da leɓe. Sa kati a wayarka ka kira shi yau.