Wa Ka Fi So A Cikin Labarin?

Mu dai a unguwarmu, da zarar an koma makaranta, hirar majalisa ba ta wuce ta kuɗin littattafai. Wannan ya ce na lissafi ya ƙara tsada, wancan ya ce an sake canza na Turanci, ƙane ba zai gaji na wansa ba. Duk muna saye, ko da bashi ne, don ba mai son a koro masa ɗa. Littafin labari kuwa sai in canji ya ragu. In ma an sayo, miƙa wa yaro muke yi mu juya, sai bayan kwana biyu mu tare shi da tambayar da muka gada: "To, wane darasi ka koya?" Yaro ya sunkuyar da kai ya ce haƙuri da biyayya, don ya san abin da kunnenmu ke so ke nan.

Amma ka canza tambayar ka gani. Ka zauna da su a tabarma bayan magariba ka ce, "Wa kuka fi so a cikin labarin?" Wallahi sai ka roƙe su su yi shiru.

Mu manya in aka ambaci Magana Jari Ce, Aku muke yabo, da yadda ya riƙe Musa ɗan sarki da labarai har dare ya ƙare bai fita ba. 'Yar maƙwabcina da ke aji huɗu ba ruwanta da wannan. Ita Kalalatu ce tata. Ta ce, "Baba, kaji biyu fa ta cinye, na mijinta da baƙonsa, kuma ta san yadda ta yi baƙon ya ruga da gudu, mijin ya bi shi da wuƙa a hannu!" Tana faɗa tana riƙe ciki. Uwarta ta leƙo daga tsakar gida ta ce ita ba ta ga abin so a wurin mace mai kwaɗayi ba. Yarinyar ta ce, "Inna, ai ba halinta nake so ba, dabararta nake so." Ni a ganina wannan amsa ta mai karatu ce ta gaske, wadda ta iya raba abin dariya da abin koyi ba tare da an raba mata ba.

'Yan maza kuma rigimarsu a kan Ruwan Bagaja take. Mu mun tashi muna bayan Alhaji Imam, tunda shi ne mai labarin, shi ya fita neman ruwan. Su kuwa da yawansu Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke so, wai don ko sau nawa aka yi masa ƙeta sai ya sake ɓullowa a gari na gaba da tasa ramuwar. Wani ɗan aji biyar ya ce da babu Zurƙe, da tafiyar Alhaji ta zama tafiya kawai. Akwai mai cewa duk a bar maganar, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya fi, saboda yaron da ya tashi ba ya iya tafiya shi ne ya zamo jarumin da ba a iya karawa da shi. Wanda ya faɗi haka ɗan ƙarami ne a cikin sa'o'insa, kullum shi ake bari a gola. Ban tambaye shi dalili ba, don na gane.

Ba yabo kaɗai suke yi ba, suna da ƙorafi, kuma ƙorafin nasu abin saurare ne. Sun ce Ganɗoki na Bello Kagara akwai kalmomin yaƙi da na kayan doki da ba su taɓa ji ba, sai sun je wurin kaka. Sun ce hotuna sun yi kaɗan, kuma babu launi. Wata 'yar aji shida da ta karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ce ba za ta sake buɗe shi ba, don uwar da ta ƙetare Sahara neman ɗanta ta sa ta kuka. Sannan ta yi tambayar da ta tsaya mini a rai: "Kawu, me ya sa kullum maza ne ke tafiya yawon duniya a littattafan nan? Babu wata yarinya da ta je ta dawo?"

To ina amsa? Littattafan nan da muke miƙa musu sun girmi iyayenmu. Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar duk daga gasar rubutu ta 1933 suka fito, wadda Rupert East ya shirya a Zariya. Magana Jari Ce kuma a ƙarshen shekarun 1930 Abubakar Imam ya rubuta shi. Ko Tatsuniyoyi da Wasanni, inda Ibrahim Yaro Yahaya ya tattaro mana su Gizo da Ƙoƙi, tun farkon shekarun 1970 ne. Alherin waɗannan mutane ba ya faɗuwa, shi ya sa har yau yaro ke dariya a inda kakansa ya yi dariya. Amma daga shekarun 1980, da rubutun Hausa ya bunƙasa a Kano, yawancin abin da ya cika kasuwa labaran soyayya da zaman aure ne, na 'yan mata da matan gida. Ɗan firamare an bar shi da gādon da, kuma mu iyaye da laifinmu: ba mu nema, balle mai shago ya ajiye, balle marubuci ya zauna ya rubuta.

Kuma kada wani ya ce yaran yanzu waya ta ɗauke musu hankali ba sa son karatu. Littafi ɗaya a layinmu sai ya zaga gida biyar, bango ya cire, a liƙe shi da salatif, a yi faɗa a kan wanda ya yaga shafin ƙarshe.

Ɗan tela na bakin masallaci ya gama Magana Jari Ce duka uku a hutun da ya wuce, ya zo majalisa ya durƙusa ya ce, "Baba, a sayo mini na huɗu." Aka gaya masa uku ne kawai, kuma mai littafin ya rasu tun 1981. Bai ji daɗi ba ko kaɗan. Wani malami a cikinmu ya ba shi labarin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda aka ɗauki yaro aka yi sararin samaniya da shi. Tun ranar ya hana uban sakat, har ya yi masa alkawarin in ya shiga Sabon Gari sayen zare zai duba masa a wurin masu littattafai.