Masu Gasa Ruwa

Akwai masu gasa nama, akwai masu gasa gurasa, akwai kuma mu, masu gasa ruwa. Sha'awarmu ita ce haɗa katun da kwamfuta, ba wanda ya sa mu, ba wanda yake biyanmu. Yawancinmu da manhajar Blender muke aiki saboda kyauta ce. Ton Roosendaal, mutumin ƙasar Holan, shi ya ƙirƙiro ta, kuma a 2002 masoyanta suka yi karo-karon Yuro 100,000 aka fanso ta, ta zama ta kowa.

Mutum-mutumi a katun kana iya ɗaga masa ƙafa ka sauke da hannunka. Ruwa kuwa ba ya biyuwa ta haka. Sai dai ka zana akwati ka ce wa kwamfuta iyakar ruwan ke nan, ka nuna mata inda zai ɓulɓulo da abin da zai tare shi, sannan ka danna wani maɓalli ta shiga lissafi hoto bayan hoto. Sunan maɓallin nan da Turanci, ma'anarsa gashi irin na burodi. To, an ce sai an yi tafiya da mutum ake sanin halinsa. Ni dai na ce a ba shi gashin ruwa na dare ɗaya. Ga waɗanda na sani.

Alhaji Ƙara-Lamba

Kwamfuta takan yanyanka akwatin ruwa zuwa ƙananan ɗakuna, ta lissafa abin da ke faruwa a kowanne. Blender takan fara da 32 a kowane gefe, wato ɗakuna 32,768 idan akwatin daidai-wa-daida ne. Alhaji yana ganin 32 lamba ce ta talakawa. Shi daga 512 yake farawa, bai kuwa san cewa duk ninki ɗaya na lambar ninki takwas ne na ɗakunan ba. Ɗakuna sama da miliyan 134 ke nan ya ɗora wa tsohuwar laftof da ya saya kwance. Fankarta sai ta kama kuka kamar injin markaɗe. Ya ɗora ta a kan murafun kwalba huɗu don ta sha iska, ya juyo mata da fankar ɗaki, shi kuma ya zauna yana gumi. Bayan sallar asuba sai ka ga ya turo saƙo: "Alhamdulillahi, muna hoto na 11." Saura 239. Duka hotuna 250 ɗin, a kan 24 kowace daƙiƙa, ruwan daƙiƙa goma ne da 'yan kai. Idan aka gama kuma sai ya lura bakin famfon bango yake kallo.

Mai Ɗiban Ruwa da Kwando

Wannan bawan Allah burinsa ƙarami ne: ya zuba ruwa a kofin gilashi ya tsaya. Kofin ya yi kyau, haske na wucewa ta cikinsa, sai dai ruwan ma haka. Yana zuba yana fita ta gindi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jikin kofin ya fi ɗakunan lissafin siranta, don haka kwamfuta ba ta ganinsa sosai, ko kuma ruwan na gudu har ya tsallake bangon tsakanin wannan mataki na lissafi da na gaba. Maganin shi ne a ƙara wa bangon kauri ko a ƙara matakan. An gaya masa ya fi sau shurin masaƙi. Shi dai ya ce kofin nan da sa hannu. A ƙarshe ya ƙara kaurin har ya wuce kima, sai ruwan ya tsaya a sararin cikin kofi bai taɓa gilashin ba, kamar suruki da suruka a ɗaki ɗaya.

Mai Kunu

Duk wanda ya buɗe Blender zai tarar da wani ɗan akwati yana jiransa a tsakiyar allo. A ido ƙarami ne, amma a lissafin manhajar kowane gefensa mita biyu ne, wato zai ci lita 8,000. Mai Kunu daga shi ya sassaƙa kofin shayinsa, bai rage girmansa ba. Saboda haka abin da yake cikawa tanki ne, kuma ruwa a tanki a hankali yake juyawa. Da ya ga shayinsa na tafiyar hawainiya, bai zargi awo ba, sai ya shiga wajen saita kauri, inda aka tanadi zaɓin ruwa da mai da zuma, ya yi ta murɗe-murɗe. Jiya abin ya fito kamar koko, yau kamar miyar kuka. Ka tambaye shi, sai ya ce ai dama kunun gyaɗa ya yi niyya. Mutumin nan bai taɓa kuskure ba, sunan fim ɗin kawai yake sauyawa.

Shehin Malami

Shi ba ya gashi, yana dai bayanin yadda ake yi. Ka ce masa ruwanka na yoyo, sai ya gyara zama ya faro daga Navier, Bafaranshen da ya rubuta lissafin motsin ruwa a 1822, ya gangaro kan Stokes a 1845. Ya tuna maka cewa a shekarar 2000 Cibiyar Clay ta Amurka ta sa ladan Dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware wata matsala a cikin lissafin nan, yana faɗa yana murmushi kamar kuɗin na kan hanya. Ya kawo Jos Stam da hanyar da ya fito da ita a 1999, wadda ta hana lissafin tarwatsewa ko da an yi dogon taku. Ya gaya maka tsohon injin ruwan Blender sunansa Elbeem, kuma a 2020 Mantaflow ya gaje shi a siga ta 2.82. Duk gaskiya ne, ba ka da ta cewa. Ka ce, "Malam, a nuna mana aikinka mana." Sai ya ce yana kan nazari. Shekara uku ke nan. Ruwanka kuma har yanzu yoyo yake.

Mai Sauya Sheƙa

Laifi kullum na manhaja ne. Ya bar Mantaflow ya sayi ƙarin nan da ake kira FLIP Fluids. Sati biyu ya ce shi ma wasan yara ne, manya Houdini suke amfani da shi, na kamfanin SideFX da ke Toronto. Ya sauke na ɗalibai wanda ake bayarwa kyauta, ya buɗe, ya ga akwatuna da zare-zare sun sarƙe kamar wayoyin bayan kasuwa, ya rufe a hankali. Yanzu RealFlow yake yabo, wai da shi aka yi aiki a manyan finafinai. Haka ne, amma su waɗancan sun zauna sun koya. Shi kuwa rijiya huɗu ya fara haƙa, kowacce iya gwiwa, yana mamakin ƙasar nan ba ta da ruwa.

Sarkin Ambaliya

Wannan ya iya, kuma iyawar ce ta zame masa ciwo. Akwai wani kan biri a Blender mai suna Suzanne, da aka tanada don gwaji. Ba irin ruwan da bai zuba wa birin nan ba: ruwa, madara, zuma, narkakken cakulan, narkakken zinare. Ya kunna kumfa, ya kunna feshi, ya kunna ƙwayoyin iska, har rumbun kwamfutarsa ya cika ya goge hotunan bikin yayarsa. Ka kalla ka ce tubarkalla, sannan ka tambaye shi, "To daga nan sai me ya faru?" Sai ya dube ka da mamaki. Me kuma zai faru? Ai an jiƙa biri.

Hajiya Mai Wayo

Ita kaɗai ce a cikinmu ta taɓa gama fim. Idan labarinta na bukatar tafki, sai ta shimfiɗa fili ta sa masa 'yan igiyoyi da sheƙi, ba gashi ba komai. Idan yaro zai faɗa rijiya, sai ta nuna fuskar uwarsa, ta sa ƙarar tsundum, ta watso ɗigo biyar. Shehin Malami ya ce wannan ha'inci ne. Ta ce, "Malam, ka ji tsoro lokacin da ya faɗa?" Ya ce ya ji. Ta ce to shi ke nan. Takan kafa hujja da Flow, fim ɗin Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya, wanda aka yi da Blender ɗin nan tamu, ya kuma ci kyautar Oscar a 2025. Ruwa ne ya cika fim ɗin daga farko har ƙarshe, ba a furta kalma ko ɗaya, amma wanda duk ya kalla, kyanwar da ke cikinsa yake tambaya ko ta tsira.

Ni

Kada in yi ta nuna mutane da yatsa. Nawa ciwon shi ne ba na ajiye aiki. Wata rana na saita komai daidai: awo daidai, kauri daidai, lamba daidai ƙarfin na'urata. Buta ce ke zuba ruwa a kwano. Na danna gashi da la'asar ban ba fayil ɗin suna ba, na kwana ina leƙe kamar mai jiran haihuwa. Ana saura hotuna kaɗan aka ɗauke wuta, batirin kuwa ya daɗe da yin ritaya. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Na fito tsakar gida ina huci. Mahaifiyata na alwala, ta ɗago ta ce, "Kai kuma lafiya?" Na ce ruwana ne ya zube, na kwana ina haɗa shi. Ta ce, "Ina ya zube?" Na ce a cikin kwamfuta. Ta yi shiru tana kallona, butar hannunta na tsiyaya. A nan na ga yadda ruwan ke siranta kafin ya tsinke ya zama ɗigo, yadda yake bin gefen hannu ya sauka ta gwiwar hannu, yadda ƙasa ke shanye shi ta yi duhu. Shekara biyu ina gasa ruwa ban taɓa tsayawa na kalle shi ba.

Ta idar, ta miƙo min bokiti. "Tunda ka zama gwanin ruwa," in ji ta, "randa ba ko ɗigo."