Masu Jinyar Kat-kat a Ƙasar Adar

Wanda ya bar babbar hanyar RN1 a Madawa ya miƙa arewa, ya ratsa Buza da Keita har ya ɓulla Tawa, ya san ƙasar duwatsu ce da hawa da gangara, da ƙoramun da kan cika cikin sa'a guda su tafi da duk abin da suka tarar. Da an ratse zuwa ƙauyukan Garhanga ko Tabotaki ko Karofan, ƙaramar mota ba ta da ta cewa. Fagen kat-kat ne: Land Cruiser, Hilux, Patrol, Pajero, da ɗaiɗaikun Land Rover da suka ƙi mutuwa. Da yawansu sun girmi direbobinsu. Toyota ta fito da Land Cruiser samfurin 70 a 1984, shekarar da aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da kuɗin Italiya. Injinta da ya fi suna, 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, ya biyo baya a 1990. Ba shi da kwamfuta, ba shi da tsirfa. Bukatunsa huɗu ne: iska mai tsabta, gazuwal marar ruwa, baƙin mai a kan lokaci, da ruwan sanyaya shi. Jama'a guda ce ta haɗa kai ta hana shi waɗannan huɗun, kuma kowa a cikinta rantsuwa yake yi taimakon motar yake.

Shugabansu makanike mai kunne. Ba ya tasowa daga benci idan an shigo da mota, sai ya ce, "Ba ta wuta." A ba ta. Ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ce, "Nozul na huɗu." Abin haushin, sau da yawa gaskiyarsa ce. Idan ya ga dama ya dasa bakin sukundireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya yi ta saurare har mai mota ya fara karanto addu'o'i. Hayaƙi ma karanta shi yake yi: baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, shuɗi, inji na shan baƙin mai, fari, ko dai gazuwal bai ƙone ba ko ruwa ya samu hanyar shiga inda ba a gayyace shi ba. Duk wannan ilimi ne na gaske, kuma ba a makaranta ya same shi ba.

Aibinsa biyu ne. Na farko, tun da aka haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba". Na biyu, ƙiyayyar da ke tsakaninsa da tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya ɗauki ɗumi kafin ya sake shi zuwa lagireto. Ko ciwon taya ya kawo motarka, sai ya cire shi ya jefa bayan gareji.

"Maigida, me ya yi maka?"

"Alhaji, wannan na ƙasar ƙanƙara ne. Mu nan wane sanyi gare mu?"

Magana ce mai daɗin ji a watan Afrilu. Sai dai a irin waɗannan injina abin yana da aiki na biyu: idan ya buɗe, yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa kan bi ya koma inji bai ratsa lagireto ba. In babu shi, wani ruwan zai yi ta kewaya da zafinsa. Da sanyin Janairu kuma inji ya wuni bai ɗumama ba, yana ta cin kansa. Ainihin masu kawo zafin suna nan ba a taɓa su ba: lagireton da ruwan rijiya ya toshe da gishiri da laka, murfinsa da ya daina riƙe iska, da kan fanka da man cikinsa ya tsiyaye har take juyawa da kasala.

Daga shi sai Alhaji mu-lallaɓa, mai motar. Ba marowaci ba ne, yana ciyar da unguwa da azumi. Shi dai a wurinsa abin da bai karye ba lafiyarsa ƙalau. Akwai wata fitila a gaban direba da ke kamawa idan bel ɗin cikin inji ya cika kilomita 100,000, tana cewa a sauya shi. Direba ya kai ƙara, Alhaji ya leƙa ya ce, "Tana hana ta tafiya?" A'a. "To, mu lallaɓa zuwa bayan albasa." Albasa ta wuce, a ce bayan damina. Fitila ta dami direba, ya samo takardar "Allah Ya kiyaye hanya" ya manna a kanta. Ranar da bel zai tsinke ba ya zaɓar ranar hutu: sai an yi lodin albasar kwarin Tarka har sama, rana ta take, farashi na jira a kasuwa. Yana tsinkewa fistin ya haɗu da bawul, gyaran 'yan jikkuna ya koma na sauke kan inji. Alhaji ya iso a bayan babur, ya zagaya motar, ya ce, "Jiya-jiya fa lafiyarta lau."

Shi ne kuma mai auna lokacin juyen baƙin mai da ido. Ya zaro ƙarfen awo, ya murza man a yatsa, ya ce, "Da sauransa."

Direba mai dabara kuwa, a cire masa hula tukuna kafin a yi masa tsiya, domin ba don shi ba da mutane da yawa sun kwana a daji. Tanki ya huje, ya tauna sabulu ya liƙe. Lagireto na yoyo, ya zuba garin barkono ko ya fasa ƙwai a ciki. Sifirin ya karye a kan duwatsun Alakai, ya samo itace ya ɗaure da robar tsohon tib. Kik ya ƙi juyawa, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa shi sau biyu, inji ya tashi. Batirinsa ya mutu tun bara, amma ya haddace duk wata gangara da ke Buza, a kanta yake kwana da mota, da asuba ya sake ta ta tashi da kanta. Matsalarsa guda ce: dabarar da aka yi don a kai gari, ita ce za ta shekara uku. Barkonon da ya toshe huda bai san iyakarsa ba, zai ci gaba ya toshe hanyoyin ruwa masu lafiya. Inda nake rabuwa da shi sam shi ne birki. Mai zuba ruwan sabulu a madadin man birki, ko mai danne bututun taya guda da ƙusa don yana yoyo, sannan ya ɗauki mata da yara ya nufi gangaren Keita, wannan ba dabara yake yi ba, caca yake da rayukan mutane.

A bayansa akwai karen mota, wanda rabin aikinsa riƙe katako ne. Da mota ta tsaya a hawa, ya dire ya cusa shi ƙarƙashin taya. Idan gazuwal ya ƙare iska ta shiga bututu, shi ke danna ɗan famfon da ke kan filta har hannunsa ya sage, maigidansa na sassauta goron nozul yana cewa, "Ƙara, yaro, ƙara!" Shi ke zuƙo mai da tiyo, don haka ya fi kowa sanin ɗanɗanon gazuwal ɗin kowace kasuwa. Duk abin da ya lalace shi ne ya taɓa. Bayan shekara bakwai zai zama direba, ya nemo nasa yaron ya rama.

Mai waya ba ya bukatar dogon bayani. Fis ya ƙone, bai tambayi dalili ba, ya naɗa zaren waya a gurbinsa. Ka kawo mota don fitila guda, ka fita kana danna oda abin share gilashi na amsawa.

Sai dillalin kayan gyara, mutumin da bai taɓa sayar da abin da ba "orijinal" ba. Kayansa hawa uku ne: orijinal, orijinal na biyu, da orijinal na gaske wanda ke ƙarƙashin tebur. Wasu daga Ƙofar Ruwa ta Kano suka zo, wasu ta Kwanni ko Maraɗi, wasu an kwance su daga motar da ta riga taka rasuwa. Kwalin duk ja da fari ne. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, ya samu amsar kowace tambaya. Ka ce filtar nan ta yi tsada, ya ce, "Ranka ya daɗe, iyaka." Ka duba ka ga ƙurar da ke kan kwalin ta girmi rufe iyakar. Abokin cinikinsa na ƙut da ƙut shi ne mai cewa filtar iska ba ta mutuwa: a fitar da ita, a buga a jikin taya, a mayar. Takardar ta yage, ƙurar hunturu ta wuce kai tsaye cikin silinda, bayan wata shida a ce inji ya tsufa.

Mai gazuwal na ƙauye shi ma yana da kaso. Matatar SORAZ ta Damagaram tana tace mai tun 2011, amma tsakaninta da tankin Alhaji akwai duro mai tsatsa da jarkar da ta taɓa ɗaukar ruwa. A gindin filta akwai ɗan maɓuɗin da ake kwancewa ruwan ya zube. Aikin minti biyu ne. Ba a yi sai famfon inji ya ci tsatsa.

Idan mota ta mutu a hanya, fasinjoji suka baje a inuwar layukan dogon yaron da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, nan masani ke bayyana. Ɗan ci-rani ne, ya dawo daga Abijan ko Libiya, ya taɓa zama kusa da wani gareji. Ya goya hannu a baya, ya leƙa inji, ya ce, "Fulogi ne." A gaya masa motar gazuwal ce, fulogin da take da shi na ɗumama inji ne da safe, ba ruwansa da mutuwa ana cikin tafiya. Ya gyaɗa kai ya ce, "To kafireto ne." Shi ma babu. Ba zai karaya ba. Idan aka gano tiyon mai ne ya tsage, zai juya ga jama'a ya ce, "Ai abin da nake faɗa ke nan." Lokacin turi kuwa, bayansa ke ciwo.

Kusa da shi akwai mai zargin sammu. Motarsa kan yi tafiyar rabin sa'a ta mutu, a huta ta tashi, ta sake mutuwa. Ya tabbata aikin abokin gabarsa ne na tasha. Ya kashe kuɗin rago biyu kafin wani yaro ya buɗe murfin tanki a ji ya ja iska da ƙarfi: hudar numfashin tanki ce laka ta toshe.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne sabon shiga, wanda ya sayi motar furoje a gwanjo, tambarin ƙungiyar bai gama gogewa daga ƙofa ba. Ya shiga yashi, ya ja ƙaramar giya, ya taka mai, tayoyin baya na haƙa rami, na gaba na kallo. Ba wanda ya gaya masa sai an sauka an murɗa makullan da ke cibiyar tayoyin gaba, kuma a rage iskar taya kafin yashi. Ranar da ya koya, sai ya ƙi kwancewa: ya hau kwalta da giyar daji har Galmi, mota na ƙugi a kowace kwana, yana cewa ƙarfi ne. A watan Agusta shi ne zai iso bakin ƙorama, ya tarar da manyan direbobi sun kashe mota suna shan shayi suna jiran ruwa ya janye, ya ce, "Me amfanin kat-kat ɗin?" Ya afka. Inji ya shaƙi ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sandar fistin ta lanƙwashe nan take. Shanu biyu suka jawo shi waje.

Akwai wani guda da ba a cika lura da shi ba, don ba shi da labari. Tsohon direban ma'aikata ne da ya yi ritaya. Kullum da safe sai ya buɗe gaba, ya duba mai da ruwa, ya durƙusa ya leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga da dare. Yana da ɗan littafi a aljihun mota inda yake rubuta kilomitar kowane juye. 'Yan tasha na ce masa mai tsoron mota. Makanikai ba sa son sa, don ba ya kawo musu komai sai gaisuwa.

Na ƙarshe mai sayarwa, wanda duk motocinsa na wata Baturiya ne da ba ta zuwa ko'ina sai ofis. Agogon kilomita ya tsaya tun zamanin da aka shigo da motar, ya wanke inji fes, ya zuba mai mai kauri don ƙara ta kwanta, kuma kafin ka iso ya riga ya ɗumama ta. Idan kai ne mai saye, ka je masa da sassafe ba da sanarwa ba, ka dafa inji ka ji sanyinsa kafin a tayar. Ka buɗe murfin lagireto tun inji na sanyi, a tayar, ka ga ko ruwan na tumfafiya. In yana yi, gaskit ya ƙone ko kan inji ya tsage, ciwon da ya fi kama tsofaffin Hilux da Pajero idan sun taɓa zafi. Ka duba murfin baƙin mai, in ka ga launin shayi da madara ka yi sallama. Ka sa giyar daji a kan ƙasa, ka murɗe sitiyari ka saurari ƙas-ƙas daga tayoyin gaba. Sannan ka tambaye shi yaushe aka sauya bel. In ya ce "kwanan nan", ka cire kuɗin sabo daga cinikin, ka sauya shi kafin ka bar Madawa.